Girkin dankalin Hausa ba nama ba kifi: amsar tambayoyin da ake ta yi min

Assalamu alaikum jama'a. Tun lokacin da likita ya ce maigidan ya ɗaga ƙafa daga jan nama saboda hawan jini, ga kuma naman ma kansa kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu, sai na koma ina ɗora dankalin Hausa sau uku ko huɗu a sati, toh duk wadda ta shigo ta tarar da shi ta ci sai ta tafi da tambaya a baki, maƙwabta ne, dangin miji ne, 'yan ajinmu na islamiyya ne, har ƙanina da ke makaranta ya ishe ni da kira. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya shi yasa na zauna na tattara su wuri guda, wadda ta ga tata a ciki ta yi haƙuri ban kama suna ba.

Anti wai shi dankalin Hausa da na turawa ba 'yan gida ɗaya ba ne?

Suna ne kawai ya haɗa su. Na turawa, irin wanda ake kawo mana daga Jos, danginsa su tumatir ne da gauta da tattasai. Namu kuwa yaɗo yake yi a ƙasa, ɗan uwan duman rafi ne, in kin taɓa ganin furensu za ki ga kamar. Abin dariyar ma shi ne wanda muke cewa na Hausa ɗin shi ma baƙo ne, asalinsa daga tsakiya da kudancin nahiyar Amurka yake, Turawan Fotugal ne suka yi ta yawo da shi a jiragen ruwa tun wajen shekarun 1500 har ya iso Afirka ya zauna ya zama ɗan gari. Wasu wuraren kudaku suke ce masa, musamman wajen Sakkwato da Nijar, wasu kuma lawur. Ƙasar Sin ce ta fi kowa noma shi a duniya, Najeriya kuma tana sahun gaba a Afirka.

Hajiya gaskiya ni abinci ba nama ai abincin babu ne, ko baƙo ba zan iya ba wa ba.

Wannan ita ce maganar da na fi ji kuma ita ta fi ba ni mamaki. Ki tsaya ki lissafa min: ɗanwake da mai da yaji akwai nama? Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, garau-garau, ƙosai, alala, dambu, awara, wake da shinkafa, gurasa bandashe, wanne ne a ciki ake sa wa nama? Kuma wa ya taɓa ture ɗanwake ya ce sai an kawo tsoka? Kakata a ƙauye daga sallah sai sallah take ganin nama a tukunyarta, amma in ta kaɗa miyar kuka da daddawa da wake har maƙwabta sai sun leƙo. Abin da na fahimta bayan 'yan shekarun nan shi ne ba rashin naman ne ke ɓata girkin dankali ba, rashin abokin tafiya ne. Mutum ya dafa dankali tsura ya barbaɗa gishiri ya ci ya ji zaƙi ya cika masa baki bayan loma biyar, sai ya ce ai don ba nama ne, alhali abin da ya rasa gyaɗa ce ko wake, da ɗan tsami, da yaji, da daddawa. In waɗannan suka haɗu a kwano ɗaya ba mai tambayarki nama sai wanda dama ya zo da niyyar magana.

Shi kaɗai zai wadatar da jiki in mutum ya bar nama?

A'a, kuma kar kowa ya yaudare ki. Ɗanyen dankali giram 100 furotin ɗin da ke cikinsa bai kai giram 2 ba, mafi yawansa sitaci ne da ruwa da ɗan dusa mai gyara ciki. Ƙarfi zai ba ki amma ginin jiki sai kin nemo shi a wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, waken suya ko awara, gurjiya, riɗi, agushi, ƙwai, nono. Ni dokar kicin ɗina ita ce duk ranar da dankali ya hau wuta to ɗaya daga cikin waɗannan ma ya hau.

Sai maganar bitamin B12, wannan babu shi a tsirrai, daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Wanda ya bar nama kawai amma yana shan kindirmo yana cin ƙwai da sauƙi, wanda ya bar su duka har da nonon to dole sai ya haɗa da ƙwayar magani daga asibiti, musamman mai ciki da mai shayarwa, ku kam ku faɗa wa ma'aikatan wajen awo irin abincin da kuke ci kar ku ɓoye. Ƙarin jini kuma yana cikin wake da ganye, in kika matsa lemon tsami a kai ko kika ci da ɗanyen tumatir jiki ya fi ɗaukarsa, shayi kuwa yana tare shi, don haka ki ɗan ba da tazara tsakaninsu.

Ki koya mana faten nan da muka ci ranar suna, na yi nawa ya koma kunu.

Toh ki gyara zama. Na mutum biyar nake faɗa miki. Dankali manya guda biyar ko matsakaita bakwai, wake gwangwanin madara biyu, manja ludayi ɗaya, albasa manya biyu, attaruhu huɗu ko yadda bakinku ke ɗauka, tattasai uku, tumatir uku kacal, daddawa biyu, citta da tafarnuwa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali uku, alayyafo ɗauri biyu, yakuwa 'yar kaɗan kamar cikin tafi.

Waken za ki fara ɗorawa shi kaɗai da rabin albasa, ba sai kin surfe ba, ki bar shi har ya kusa nuna, wato in kin matsa da yatsa ya fashe amma da ɗan sauran ƙarfi. Nan mutane ke kuskure, sai su zuba wake da dankali lokaci ɗaya, kafin waken ya ce me ake ciki dankalin ya narke ya zama kunu, ai dankali minti 15 zuwa 20 ya ishe shi shi kuwa wake sai ya yi kusan awa. A wata tukunyar ki zuba manja ki yanka albasa ki soya ta a hankali har ta yi ja tana ƙamshi, kar ki yi gaggawa a nan don rabin daɗin faten daga albasar nan yake, sai ki zuba jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir, jajjage fa na ce ba markaɗe ba, a turmi ko ki ɗan taɓa a bilenda sau biyu ki kashe. Ki daka daddawa da citta da tafarnuwa ki zuba, ki yi ta juyawa har ruwan ya tsotse mai ya taso sama. Sannan ki juye waken da ruwansa, ki zuba dankalin da kika yanka manya-manya kamar girman ƙwai, ruwan kar ya rufe shi, ya tsaya daidai wuyansa, gishiri, ki rufe ki rage wuta ki cire hannunki daga ciki. Masu son juye-juye da ludayi duk minti biyu su ne fatensu ke dagargajewa.

In kin soka cokali mai yatsu ya shige, ki dama gyaɗar da ruwan ɗumi ki zuba, ki ɗebo yanka uku ko huɗu na dankalin ki murƙushe a jikin tukunya ki mayar, shi ne zai ba ki kaurin, sauran kuma su tsaya da jikinsu. Bayan minti biyar ki watsa yakuwa da alayyafo da ɗanyar albasa ki rufe ki sauke, tururin ya ishe su. Yakuwar nan ita ce abin da kuka ji ranar kuka kasa gane ko mene ne, ita ke karya zaƙin. In an bar shi ya huce na minti goma kafin a zuba ya fi haɗe jikinsa.

Mijina ba ya son abinci mai zaƙi, ya ce kamar an sa suga a miya.

Yana da gaskiyarsa. Abu na farko ki zaɓi farin dankali mai gari, shi bai kai mai ruwan goro zaƙi ba. Na biyu ki san cewa yadda kika dafa shi ma yana ƙara zaƙi ko ya rage, akwai wani sinadari a cikinsa da ke juya sitaci ya koma suga idan zafi ya shige shi sannu a hankali, shi yasa wanda aka binne a toka ko aka gasa a kan gawayi yake fitowa har da wani danƙo kamar zuma, wanda kuwa aka yanka ƙanana aka jefa a tafasasshen ruwa bai samun wannan lokacin. Don haka ki tafasa ruwa tukuna sannan ki zuba. Na uku tsami da yaji da ɗan ɗaci: yakuwa, tsamiya, lemon tsami, gauta, ganyen shuwaka da aka wanke sosai. Kar ki haɗa masa da karas da kabewa a tukunya ɗaya, zaƙi kan zaƙi kenan.

Magi fa? In ba nama ai sai an cika magi.

Ni dai tunda hawan jini ya shigo gidan na rage shi sosai don gishiri ne cike da shi. Daddawar kalwa tana yin aikin, daddawar batso ma haka ga wanda ya saba da ita, sai albasa da aka soya da kyau da garin ƙuli-ƙuli. Ki ɗan gasa daddawar a bakin wuta kafin ki daka, warin yana raguwa ƙamshin ya fito. Wanda kuma ya bar nama gaba ɗaya har romonsa baya so, ya riƙa karanta bayan kwalin dunƙulen, don akwai masu ɗanɗanon kaza ko na shanu ko na kifi.

Wanne ya fi, fari ko ja ko mai ruwan goro?

Kar launin ɓawo ya ruɗe ki, cikin za ki duba, ki ce wa mai kashin ya ɗan karce miki ɗaya da farce. Akwai mai jan ɓawo da cikinsa fari tas. Farin ciki ya fi gari da ƙarfi, shi ya fi dacewa da suya da fate. Mai ruwan goro ya fi laushi da ruwa da zaƙi, amma shi ne mai sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ke taimakon ido da garkuwar jiki, ƙaramin guda ɗaya kamar giram 125 yana iya biya wa ƙaramin yaro buƙatarsa ta rana. Ba ƙaramin aiki aka yi a kansa ba, a 2016 babbar kyautar abinci ta duniya ta tafi ga Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low na cibiyar binciken dankali da ke Lima a ƙasar Peru, tare da Howarth Bouis, saboda yaɗa irin waɗannan amfanin gona masu ƙarin sinadari. A nan gida cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike a jihar Abiya ta fitar da irinsu, akwai King J akwai Mother's Delight. A kasuwa dai har yanzu farin ya fi yawa, ko kasuwar 'Yankaba ta Kano kika shiga sai kin tambaya, in kin dace da shi ki saya wa yara. Ki tuna kuma sai da ɗan mai ko gyaɗa jiki ke iya ɗaukar bitamin ɗin.

Me yasa soyayyen nawa yake fitowa laɓe-laɓe ya sha mai, na mai ƙosan bakin titi kuwa ƙarau?

Ita wutarta ta itace ce kuma kaskonta faɗi gare shi, mai ya yi zafi sosai kafin ta zuba. Ke kuma kina tsoron gas ya ƙare kin rage wuta kin cika kasko dam, ai dahuwa yake yi a cikin man ba suya ba. Ki yanka shi tsaye kaurin ɗan yatsa, ki jiƙa a ruwan gishiri na minti 20, ki tsane a gwagwa har ki goge da tsumma mai tsabta, ki jefa guda ɗaya a man in ya taso nan take yana ƙara to ya yi, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. In kin kwashe kar ki rufe shi a kula, gumi zai saukar masa. Mai ruwan goro kam ko me kika yi ba zai yi ƙarau kamar fari ba saboda sugansa, da wuri ma yake ƙonewa, sai dai ki ɗan barbaɗa masa garin sitaci kafin suya.

Da gaske ana cin ganyensa? Mu awaki muke ba wa.

Ana ci mana, awakinku sun daɗe suna morewa. A Saliyo da Laberiya miyar ganyen dankali da manja babban abinci ne da ake ci da shinkafa, a Tanzaniya ma suna dafa shi suna ce masa matembele. Ki tsinko masu taushi na kan yaɗon, ki wanke ki yanka siriri kamar yadda kike yi wa alayyafo, yana da ɗan yauƙi kaɗan in ya dahu kuma ba ya ɗaci. Na gwada shi a miyar gyaɗa da tuwon shinkafa, na gwada a kwaɗo bayan na ɗan tafasa na matse, duka sun yi. Wanda ba a ci shi ne ganyen dankalin turawa, shi guba ne, kar a haɗa su. In daga gonar wani aka kawo miki ki tambaya ko an yi feshin magani kwanan nan.

Yi haƙuri Anti, abin kunya ne amma yana sa ni tusa da ƙwannafi.

Ba ke kaɗai ba ce, kowa ya sani ana dai yin shiru ne, ballantana in an haɗa da wake. Ki jiƙa waken tun dare ki zubar da ruwan, ki tabbatar dankalin ya nuna har ciki, ki sa citta da kyau, kuma ki fara da kaɗan cikin zai saba a sati biyu ko uku. Ƙwannafin kuma yawanci soyayye ne ke kawo shi ko a ci a bi lafiyar gado, ki mayar da shi abincin rana.

Mamanmu tana da ciwon suga, za ta iya ci?

Yawancin masu ciwon suga suna iya cin kaɗan, amma kar a ɗauke shi a matsayin magani kamar yadda wasu ke yaɗawa, sitaci ne kamar su doya da shinkafa. Dafaffe a ruwa ya fi gasasshe da soyayye sauƙi wajen tayar da suga. A ba ta kamar girman dunƙulen hannunta, sauran farantin a cika da ganye da wake, kar a haɗa mata da shinkafa ko burodi a zama ɗaya. In kuna da na'urar gwaji a gida ku gwada awa biyu bayan ta ci ku gani, ku kuma nuna wa likitanta. Masu ciwon ƙoda su kam sai da izinin likita saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsa, haka wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya rage.

Yarona wata bakwai, zan iya fara ba shi?

Sosai ma, daga wata shida ake fara ƙara wa yaro abinci a kan nono. Ki dafa mai ruwan goro ki murƙushe da cokali ya yi laushi, ki sa ɗan man gyaɗa ko 'yar markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai santsi ko surfaffen wake da ya dahu luguf ko dafaffen ƙwai. Ba yaji ba magi ba suga, zuma kuwa sai ya cika shekara. Ranar farko da kika sa gyaɗa ko ƙwai ki lura da jikinsa, in kin ga ƙuraje ko kumburi ki tsaya ki kai shi asibiti.

Na sa a firij ya lalace, na bar shi a leda ya ruɓe, ina zan ajiye shi?

Ɗanyen dankalin Hausa ba ya shiri da sanyin firij, tsakiyarsa sai ta ƙandare ta ƙi dahuwa ɗanɗanon ma ya canza. Leda kuma gumi take tara masa. Ki shimfiɗa buhu ko kwali a inuwa inda iska ke shiga ki baza shi, kar ki wanke sai ranar da za ki dafa, wanda fartanya ta sara ki fara cinye shi. Lokacin kaka da sanyi yana kai sati biyu zuwa uku lafiya, lokacin zafi kuwa ki sayi na kwana huɗu ko biyar kawai. In ya yi tsiro ba komai, ki karye tsiron ki dafa in dai jikinsa da ƙarfi, ba kamar na turawa ba da tsironsa da koren jikinsa ke da illa.

Wanda za ki kiyaya shi ne mai baƙin tabo da ya shiga ciki ko mai hudar ƙwaro. Na taɓa sayen kashi uku da araha wajen wani mai baro dab da magariba, ban duba ba, na fere na ga 'yan layuka baƙaƙe a jikin wasu na ce ai ba komai na yanke gefen na zuba, wallahi tukunyar gaba ɗaya ta ɗauki wani ɗaci mai wari kamar magani, ga baƙi a falo, ƙarshe taliya na dafa musu. Irin wannan ɗacin ba na wasa ba ne, ruɓaɓɓen dankali yana fitar da guba da dahuwa ba ta kashewa, ki zubar kawai kuma kar ki ba dabbobi.

Hannuna yana yin baƙi da danƙo in na fere.

Farin ruwan nan ne mai kama da madara da ke fita in an yanka. Ki shafa ɗan mai a hannu kafin ki fara, ki riƙa jefa wanda kika fere a roba da ruwa. In ya riga ya kama, lemon tsami. Ko kuma ki wanke shi tas ki dafa da ɓawonsa, ya fi sauƙin ɓarewa in ya dahu.

Yaya ni risho ɗaya gare ni a hostel da tukunya ɗaya, kuɗi kuma sai a hankali.

Kai naka ai ya fi na kowa sauƙi. Ka dafa dankali biyu da ɓawonsu, ka ɓare ka yanka, ka daka ƙuli-ƙuli ko ka sayi yajin ƙuli na leda, ka yanka albasa da tumatir da kabeji in akwai, man gyaɗa cokali biyu, ka cakuɗa. Ranar da aka turo maka kuɗi ka fasa ƙwai biyu a kai ko ka sayo awara ta ɗari biyu wajen masu suya ka yayyanka a ciki. Ya fi indomin da kake ci safe da dare riƙe ciki, kuma ka daina ce min ba ka da lokaci, minti 20 ne.

Da azumi fa, sahur ko buɗa-baki?

Mun saba da soyayyen dankali da ƙwai a buɗa-baki, ba laifi, amma ni na fi ganin amfaninsa a sahur. Faten dankali da wake ko dafaffe da kwaɗon zogale da kofin kindirmo yana kai mutum la'asar bai galabaita ba, sai dai a rage yaji da gishiri saboda ƙishi.

Na ji ana sa shi a kunun zaƙi, ya ake yi?

Busasshen dankali ake samu wajen masu kayan ƙamshi, an yanka an shanya, ko ki yi naki a gida da ɗanye. Ki jiƙa shi tare da gero da citta da kanunfari a kai markaɗe. Ki raba ƙullun biyu, kaso mai yawa ki dama da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ki bari ya ɗan sha iska sannan ki zuba ɗanyen kason da ya rage ki juya ki rufe ya kwana. Da safe za ki ga ya tsinke ya yi zaƙi da kansa, sinadarin nan da na faɗa miki ne ya yi aikinsa, sai ki tace, sugan da za ki ƙara kaɗan ne. Wasu daban suke markaɗa dankalin su sa shi a ɗanyen kason kawai, ni ma haka na fi so don zaƙin ya fi fitowa.

Maigidana zai kawo abokin aikinsa Ba'indiye da ba ya cin nama, me zan ba shi?

Ki sa a tambaye shi tukuna, don da yawansu ko ƙwai ba sa ci amma suna shan nono, wasu ma har albasa da tafarnuwa suna ƙaurace wa. Kar ki ce za ki tsame naman daga miya ki ba shi romon, a wajensu duk ɗaya ne, man da aka soya kaza ma haka. Dankalin kam sun san shi, shakarkandi suke ce masa, a titunan Delhi lokacin sanyi ana gasa shi a yanka a matsa lemon tsami a barbaɗa yaji, kin ga ba nisa da namu. Ki yi masa miyar dankali da gyaɗa da tumatir da kori da citta ki haɗa da farar shinkafa.

Na yi duk yadda kika ce amma mutumin nawa sai ya yi ta laluben kwano da cokali yana neman abin taunawa.

Nawa ma haka ya yi wata guda cur, har da cewa yau ma dankalin ne. Abin da ya raba mu rigima awara ce. Ki samu mai ƙarfi wadda aka danne ruwanta da kyau, ki yanka ƙanana kamar yankan nama, ki jiƙa a ruwan citta da tafarnuwa da daddawa da gishiri na rabin awa, ki soya har ta yi ja sosai gefenta ya ƙandare, sai ana saura minti biyar a sauke fate ki zuba ta ciki ta sha romo. In kina da wuta kuma ki sa ta a firiza ta daskare kwana ɗaya ki fito da ita ta saki ki matse, za ki ga ta yi huji-huji kamar soso tana da jan baki wajen tauna. Ranar farko da na yi sai da ya ci rabin kwano sannan ya ɗago ya ce wannan kazar ta ina ce, na ce ta waken suya ce, ya harare ni ya miƙo kwanon a ƙara.